Wa Ya Tsaya Maka a Douala?

Litinin

Ƙarfe biyar saura kwata na bar Bafoussam, lasin tuƙi da takardun aikin shekara tara a aljihu. Tirela nake so in riƙe, na gaji da tasi. Kuɗin mota sefa dubu biyar. A Kekem muka ci tsire da gasasshen filanten, a Mbanga jandarma suka tsare mu minti arba'in. Ƙarfe ɗaya muka haye gadar Wouri cikin ruwan sama. Ɗan bensikin, wato mai babur, ya kai ni unguwar New Bell jiƙe sharkaf, gidan Kawu Sule, ƙanin mahaifiyata, dillalin albasa a kasuwar Sandaga.

"Kawu, yaushe za mu ga Alhaji mai motocin?"

"Doucement, a hankali, ɗana. Ci abinci tukuna."

Talata da Laraba

Ko ƙofar gareji ban gani ba. Gaisuwar mutuwa a unguwar Nylon, duba mara lafiya kusa da kasuwar Dakar, sai ɗaurin auren wanda ban taɓa ji ba. Ko'ina Kawu ya nuna ni: "Bashir ne, ɗan yayata, direba ne." Raina ya ɓaci sosai, gwiwoyina sun gaji da durƙuso.

"Kawu, ban zo Douala gaisuwa ba fa."

"To me ka zo yi?"

Na ƙudura a raina ba zan koma hannu rabbana ba.

Alhamis

Bayan la'asar muka isa majalisar Alhaji. Rabin mazaunanta na riga na gaishe su a kwana biyun nan. Na miƙa takardu, bai ko buɗe ba.

"Permis, lasin tuƙi, kowa na da shi. Wa ya tsaya maka?"

Kawu ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, "Ni ne."

"Ka tabbata, Malam Sule?"

"Na tabbata."

Aka ce in fara farkon wata.

Juma'a

A tasha, kafin in hau motar Bafoussam, na tambayi Kawu dalilin da ya daɗe bai amsa wa Alhaji ba. Ya ce direban da ya tsaya wa a baya ya sayar da man motar ya gudu. Shekara uku kunya ta hana shi taka majalisar, sai jiya.

Ƙarfe takwas na iso gida lafiya, Alhamdulillahi. Na gode wa Kawu. Mota ta Alhaji ce, amma sunan Kawu zan ɗauko a kowace tafiya, kuma ba zan kayar da shi ba.