Ranar da na rage wa likita magana

Shekarun baya, numfashi ya fara yi wa mahaifina gardama. Manomin albasa ne a Sabiyal, ya haura saba'in, ga suga ga hawan jini. Daga asibiti zuwa asibiti, har aka tura mu wani babba a Kudu. Ni ce mai boko a gidan, ina koyarwa a Jega, don haka ni aka haɗa shi da ita.

Kafin mu tashi, baffana ya ja ni gefe: "Kome likita yac ce, ki sassauta. Ba a hwaɗa ma tsoho abin tsoro." Haka muka saba, mara lafiya shi ne na ƙarshen jin labarin ciwonsa.

Likitan ba ya jin Hausa. Ya ce hanyoyin jinin zuciya sun toshe, haka ma jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa. In aka taɓa zuciya kaɗai, ɓarin jiki zai iya shanyewa. In aka fara da wuya, zuciyar ba lallai ta jure ba. Shawararsa a yi duka biyun a shiga ɗaya, kuma a shekarun Baba, ana iya rasa shi a kan gadon aikin.

Na juya na ce, "Baba, wai ɗan wankin jijiya ne." Har da murmushina, ni gwanar tafinta.

Ya dube ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana. "Uwata, mutumen ga ya daɗe yana magana har da zane, ke ko kin gama cikin numfashi guda. Ina sauran?"

Kunya ta rufe ni. Na faɗa masa duka, ina kuka.

Baba ya ce, "To mi ab abin ɓoyo? In ka gyara injin ban ruwa ka bar hanya toshe, albasa ta ƙone. In ka share hanya inji na tari, duk ɗaya. Ce mai ya haɗa su. Rai na Allah na."

Da na fassara, likitan ya ajiye biro ya ce ko ɗalibansa bai taɓa yi wa bayani mai kyau haka ba. Aka kawo takarda da tawadar dangwale. Baba ya ture tawadar, ya rubuta sunansa da ajami.

An shiga da shi da hantsi, sai bayan la'asar aka fito. Washegari ya motsa hannu da ƙafa, ya nemi a juya gadonsa gabas. Ya ƙara shekara shida a duniya, ya aurar da jikoki uku.

Har yau ina alfahari da shi, ina kuma jin nauyin abin da na so yi. Na so a kai mahaifina gaban wuƙa bai san abin da ya amince da shi ba, ina kiran hakan tausayi. Ashe ni ce mai tsoron, ba shi ba.