Kaburburan Gabas da Aduwa

Shekara talatin da wani abu na yi ina sallatar mamatan garinmu. Aikin na gaje shi daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, tare da wani kundi mai bangon fata da yake rubuta duk wanda aka binne. Da ajami yake rubutunsa, ni ma da shi na ci gaba: sunan mamaci, watan da ya rasu, sai wurin da yake kwance. Kabarinmu ba shi da lamba. Fasasshen tulu ne da reshen ƙaya, damina biyu ta share su. Shi ya sa muke auna taki daga itace, mu rubuta cewa wane yana taki goma sha biyu arewa da tsamiya.

A gefen gabas na maƙabartar akwai wata tsohuwar aduwa. Daga bayanta har bakin kwaltar da ta taso daga Agiye ta nufi Gazawa, nan muke sa baƙi: matafiyin da ciwo ya kama a cikin mota, makiyayin da ajali ya riska yana wucewa, wanda aka rasa danginsa. Ba mai ziyartarsu. In ka tsaya ka duba, rairayi da tumfafiya kawai za ka gani. Mutanen gari sun san ina rubuta matattu, amma sun ɗauka nasu kaɗai nake rubutawa.

Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne maƙabartar ba ta da katanga. Awaki na kiwo a ciki, shanu na tattakawa, ƴan kabu-kabu masu zuwa bakin iyaka sun mai da tsakiyarta hanya don rage nisa. Wata safiya na tarar da sawun taya a kan kabarin mahaifina. Daga ranar na fara sintiri zuwa buron magajin gari, wato ofishinsa, har masu gadi suka riƙa ce mini Malam Katanga.

A lokacin, magajin garin komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, wanda kowa ke kira Mer, ɗan gida ne. Ubansa abokina ne, ni na yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. Wata rana bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gidana. Ya tuɓe takalmi ya zauna a gefen tabarmata.

Ya ce, "Baba Malam, katangarka ta zo."

Na ce, "A bayan mota ka ɗauko ta?"

Ya yi dariya, sannan ya warware mini. Filin da ke tsakanin aduwa da kwalta wuri ne mai kyau, ƴan kasuwa suna so. In aka yanka shi aka sayar, a nan za a samu abin da za a zagaye maƙabarta da bulo. Abu ɗaya ya rage: sai mai sallatar gawa ya shaida cewa babu kabari a wurin.

Washegari da sassafe na buɗe kundin na ƙirga. Mutum goma sha huɗu. Na rufe, na zauna ina ba kaina fatawa. Na ce shekaru sun wuce, ƙasa ta cinye su. Na ce katanga za ta kare ɗaruruwa. Na ce ba mai zuwa nemansu. Ga wanda ya yi karatu, samun hujja ba ya wuya. Abin da ban faɗa wa kaina ba shi ne mahaifina da ƴaƴana biyu suna yamma da aduwa.

Da hantsi muka taka wurin: ni, da Mer, da wakilin sarki, da mai awon fili da aka ɗauko daga Maradi. Mai awon ya tsaya a gindin aduwa ya nuna da hannu.

Ya ce, "Malam, daga nan zuwa kwalta akwai kabari?"

Na ce, "Babu."

Ya fito da takarda da Faransanci. Mutumin kirki ne, bai bari na taɓa ta ba sai da ya fassara mini layi-layi, har sau biyu. Na sa hannu da ajami, na kyautata rubutun kamar mai rubuta wasiƙar salla.

An yi katanga kuwa, amma gefe guda. An ja ta daidai layin aduwa, doguwa, aka shafe da farin fenti, don masu kantuna kada su riƙa kallon kaburbura. Sauran gefe ukun suna nan a buɗe, awaki ba su ma san an yi wani abu ba. Duk lokacin da na je buro sai a ce Mer ya tafi taro. Filayen da suka fi kyau suka faɗa hannun surukansa. Daga nan ya yanka wani ɓangare na burtalin shanu, ya kuma daina kiran zaman konseye, wato wakilan da muka zaɓa, waɗanda su ne suka ɗora shi a kujerar. Gari ya cika da gunaguni, ni kuwa na kama bakina.

Bayan kamar shekara guda, ina fitowa daga sallar azahar, wani lebura ya tare ni. Suna haƙa harsashin wani shago, sai shebur ya fito da ƙashin kai da guntun likkafani. Kafin in isa, rabin gari na can. Na tsaya na auna tazarar ramin da aduwa da ido, nan take na san wane ne: wani mai sayar da goro daga wajen Gidan Rumji, ni na wanke shi. Ban faɗa ba. Na sa aka kawo farin yadi, muka tattara ƙasusuwan, muka binne a cikin katanga. Mutane suna ta kama hannuna suna cewa, "Allah ya saka da alheri, Malam." Kowane hannu da na kama, ji nake kamar garwashi.

Wannan ne ya cika wa konseye ciki. Suka tara sa hannu, suka nemi a yi zaman ƙuri'ar tsige Mer. Shi kuma ya ce ba shi da laifi a kan maƙabarta, ga takardar Malam.

Cikin konseyen akwai wata Hajiya mai sana'ar man gyaɗa, ita ce ta fi kowa zafi a kan maganar. Ta zo gidana, ta gaisa da mai ɗakina, ta zauna a bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam, mutumin nan da kai yake son kare kansa. Mu kuwa mun ce Malam tsoho ne, bai san Faransanci ba, an miƙa masa takarda ya sa hannu. Ranar zama abin da za ka faɗa ke nan."

Na ce, "In kuma an fassara mini fa, Hajiya?"

"Wa ya riƙe? Mai awo ya koma Maradi, wakilin sarki kuwa ko abin da ya ci da safe ba ya tunawa. Ko ba maƙabarta, laifin Mer ya isa a tsige shi sau uku. Kai dai ka fita da rawaninka a kanka."

Na ce zan yi tunani. Gaskiyar magana, kafin ta kai zaure na riga na yarda. Hanya ce mai sauƙi: shi ya tafi da laifinsa da nawa, ni in ci gaba da tsayawa a gaban sahu.

Saura kwana biyu a yi zaman, wani dattijon Bafillace ya yi sallama. Ya jingine sandarsa, ya durƙusa, ya daɗe yana gaisuwa. Labarin ƙasusuwan ya kai musu can arewa, shi ne ya taso.

Ya ce, "Modibbo, ba ka gane ni ba. Shekarun baya muna gangarowa da shanu bayan kaka, matata ta rasu a bayan garin nan. Kai ka yi mata salla. Ka ce mini ka rubuta wurin, ko bayan shekara nawa na dawo za ka nuna mini. Ita ce aka tono?"

Na tuna shi, na kuma tuna yadda na faɗi maganar, da ɗan alfahari, ina buga bangon kundin da tafin hannu. In na ɗauko kundin na tafi da shi bayan aduwa ina auna taki, gari duka zai san baƙi ma a rubuce suke, kuma na sani tun farko.

Na ce, "Ka ba ni zuwa jibi in duba."

Ya ce, "To, Modibbo. Ina gindin aduwar, ba inda za ni."

Da ya fita, mai ɗakina ta leƙo. Ta ce, "Malam, kundin nan yana cikin akwati, jiya ma na kaɗe masa ƙura. Me za ka duba har jibi?" Kwana biyun nan ta dama fura ta kai wa dattijon da kanta, kuma duk sanda za ta fita da ƙwaryar sai ta bi ta gabana.

Ranar zama, zauren buro ya cika, mutane har a tagogi, jandarma biyu a ƙofa. Perfe, wakilin gwamnati, ya zo daga babban gari ya zauna a gefe. Mer yana sanye da ɗamarar tuta a kafaɗa. Aka karanto laifuffukan ɗaya bayan ɗaya: burtali, filayen surukai, zaman da ya ƙi kira. Da aka zo kan maƙabarta ya ɗaga takardata sama. Aka kira ni. Na fito da kundin a ƙarƙashin riga, har lokacin ban san ko zan fiddo shi ba.

Hajiya ta miƙe, ta tausasa murya kamar mai lallashin mara lafiya. Ta ce, "Malam, ranar da ka sa hannu a takardar nan, ka san abin da ke cikinta?"

Na dubi tawadata a ƙasan takardar. Na tuna dattijo yana can zaune yana jiran in gama dubawa.

Na ce, "Na sani. An fassara mini sau biyu. Kuma da na ce babu kabari, na san akwai."

Na fiddo kundin na karanta su, mutum goma sha huɗu, kowa da watansa da takinsa. Na kai har ƙarshe. Hajiya ta zauna a hankali ta ja mayafinta.

Mer ya ce, "To, kun ji da kunnenku."

Wani tsohon konseye manomi ya ce masa, "Mun ji. Shi ya yi ƙarya, kai ka sayar. Burtalin fa, shi ma Malam ne ya ce maka babu shanu?"

Aka ɗan yi dariya, ta mutu da wuri. Aka jefa ƙuri'a, aka ƙirga a gaban kowa, masu son a tsige shi suka wuce adadin da ake bukata. Ya cire ɗamarar da hannunsa ya ajiye a kan tebur. A waje wasu samari suka fara tafi, manya suka hana su.

A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da Mer. Na zaci zai wuce, sai ya tsaya.

Ya ce, "Baba Malam, da ka faɗa mini tun ran nan a kan tabarma."

Na ce, "Da ka fasa?"

Can ya ce, "Ban sani ba. Amma kai ne ka yi mini huɗuba. Da aƙalla na ji daga bakinka."



Daga nan na wuce gindin aduwa. Dattijo ya tashi ya ɗauki sandarsa. Na buɗe shafin: taki ashirin da uku gabas, biyu kudu. Katangar da na yi shekaru ina roƙo ita ta tare mu, sai da muka zagaya ta ƙarshenta, na kama ƙirga daga ɗaya gefen. Takin ya ƙare a gaban wani shago da aka riga aka gama, a kan daɓen siminti, daidai inda mai shayi ya ajiye bencinsa.

Na ce, "Nan take. Ba ita aka tono ba." Sannan na faɗa masa abin da na yi, ban rage komai ba.

Ya saurara yana kallon simintin. Ya ce, "Na ji, Modibbo." Sai ya juya ga mai shayi ya ce, "Ɗana, don Allah ɗan ja bencin nan." Mai shayi ya janye benci da tukunyarsa. Dattijo ya durƙusa ya ɗora tafinsa a kan daɓen, ya daɗe yana addu'a da Fillanci. Da ya tashi ya yi mini godiya. Na so a ce zagina ya yi.

Ba wanda ya ce in bar sallar gawa. Sai dai rasuwar da aka yi bayan mako guda, na'ibina aka aika wa, ta biyu ma haka. Na gane. Na kai masa kundin da kaina, na nuna masa yadda ake auna takin, na roƙe shi kada ya daina rubuta baƙi.

Wanda ya hau kujerar bayan Mer ya hana gini a filayen da ba a taɓa ba. Shaguna uku da aka gama suna nan, mai shayi dai ya koma can gaba bai dawo ba. Sauran wurin na zagaye shi da shingen aguwa, na dasa ta reshe-reshe da hannuna a damina biyu, ta kama. Gefe ukun maƙabarta har yanzu ba katanga, kuma ban sake taka buro a kan maganar ba. Ran Juma'a in na je ziyara, ta gabas nake fara shiga, in ambaci goma sha huɗun nan da sunayensu in nema musu gafara, in nemi tasu, sannan in zagaya wajen mahaifina.