Girijamma Mai Girkin Biki

A unguwar Agrahara ta Maisuru, kowa ya san Girijamma da abu biyu: daɗin miyarta ta sambar da zafin zuciya. Tun tana amarya take girkin bukukuwa. In shinkafa ta caɓe, sai ka ga ludayi ya tashi sama, masu taya ta aiki sun watse. Mijinta Puttaswami, wani tela mai sanyin hali, yakan ce shi murhu ya aura.

Ciwon baya ne ya kai ta yoga. Maƙwabciyarta Nagaveni ta ja ta filin da mata ke shimfiɗa tabarmi da sassafe. Ranar farko ta yi wa malamar tsiwa, wai ba ta zo koyon numfashi ba, tun da aka haife ta take yin abinta. Malamar ta yi dariya, ta ce ta dawo gobe. Ta dawo, don kada a ce ta gudu. Haka ta yi ta zuwa, rani da damina, har bayan ya warke ba ta daina ba.

Fushin bai rabu da ita ba, sai dai ta koyi gane tahowarsa: ƙirji ya ɗau zafi, haƙora su cije. Sai ta ja iska a hankali ta saki kafin baki ya buɗe. Wata rana ta iya, wata rana ya fi ƙarfinta.

Bayan shekaru, a bikin 'yar wani mai sayar da furanni, saniya ta kutsa rumfar girki ta kifar da tukunyar payasa, kunun madara mai zaƙi, ga baƙi sun zauna gaban ganyen ayaba da ake zuba musu abinci a kai suna jiran kayan zaƙi. Girijamma ta ga madara na malala, zafi ya taso mata har wuya. Ta tsaya ta numfasa.

"To, uwarmu ta ɗebi rabonta," in ji ta, don a garinsu uwa ake ɗaukar saniya. "Nagaveni, miƙo ayaba da kwakwa da mazarƙwaila."

Nan take suka haɗa wani abin, baƙi har da neman ƙari.

Da yamma Puttaswami ya zo, labari ya riga ya iske shi a hanya. Ya tambaye ta ko dai ba ta da lafiya ne. Ta ce lafiyarta lau, in taimako yake so ya ɗauki tukwane. Ya ɗauka. Washegari ya biyo ta fili da tasa tabarmar, ya miƙe a kai, ya yi ta barci har aka tashi.