Inabin Bayan Furfuri

Likita ne ya ɗora abokina a kan keke, shi kuma ya ɗora ni. Shagon magani gare shi a Gusau, mutum ne mai jiki, ciwon suga ya kama shi yana tsakiyar ƙarfinsa. Aka ce ya rage tuwo ya ƙara motsi. Rage tuwo ya gagare shi, sai ya je ya sayo kekuna biyu na gwanjo, masu giya, ya aiko da ɗaya gidana a unguwar Damba ba tare da ya yi shawara da ni ba. Ya ce in shi kaɗai aka gani a kan keke za a ce ya karye, in mu biyu ne kuwa za a ce iyayin 'yan boko ne, kuma wannan ya fi masa sauƙin ɗauka.

Ni malamin makaranta ne, Asabar tawa ce. Da mun idar da sallar asuba sai mu fita. Da farko unguwa kawai muke zagayawa, muna haki kamar an koro mu. Da ƙafa ta saba sai muka fara barin gari. Wata Asabar mu ɗaura kekunan a bayan motarsa mu tafi Tsafe, mu ajiye motar a gidan wani ɗan'uwansa, mu bi hanyoyin gona ta wajen Kucheri, inda dawa kan rufe mutum da kaka har sai ya ɗaga kai ya ga duwatsu kafin ya san inda ya dosa. Wata Asabar kuma mu nufi Bungudu tun daga gida, mu sauka daga kwalta mu bi bakin fadama, ta cikin rake da albasa da tumatir. Akwai wata ruga da muke tsayawa a hanyar, matar gidan ta dama mana fura, mijinta yana duba kekunanmu yana tambaya me ya sa mutum mai mota zai wahalar da kansa haka.

Ƙaya ce ta kai mu lambun. A bayan garin Furfuri, ta hanyar Bungudu, tayar abokina ta sace, muka sauka muna turawa muna neman inuwar da za mu yi faci. Sai muka hango wata doguwar rumfa a cikin shingen ƙaya, ganye ya lulluɓe ta, an rataya mata tsofaffin gidajen sauro ta ko'ina. Na ɗauka kabewa ce ko wani irin wake. Muka yi sallama, wani dattijo ya fito daga ƙarƙashinta a sunkuye, da almakashi a hannu.

Ya ce, "Lahiya kuka taho ta nan? Hanyar ga ba ta zuwa ko'ina."

Muka nuna masa tayar. Ya shimfiɗa mana buhu, ya kawo ruwa a bokiti don mu nemo hujin. Abokina bai iya shiru ba, ya tambaye shi gidan sauron na mene ne.

"Na tsuntsaye ne. Sun hi ni son abin."

Ya ɗaga gefen ɗaya, muka ga nonnan inabi suna reto. Ni dai ban taɓa ganin inabi a jikin uwarsa ba, sai a roba wajen masu kayan marmari a bakin asibiti. Ban ma san yana yi a ƙasarmu ba.

Dattijon, da muke kira Baba, tsohon direban babbar mota ne. A zamanin da yake kai kaya wajajen Zariya ya ga wata gonar inabi, ya tsaya ya roƙi 'yan rassa, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu ya kawo gida. Gara ta cinye na farko, awaki suka gama da na biyu. Mutanen garin suka yi ta yi masa dariya, suna cewa ya bar albasa mai ciyar da gida ya kama reno. Sai da ya ajiye tuƙi ya zauna a kansa kafin abin ya karɓa. Ya tsinko mana nono guda. 'Ya'yan ƙanana ne, da ƙwallo a ciki, zaƙin yana zuwa ne bayan ɗan tsami. Abokina da aka hana zaƙi ya ci uku ya ce magani ne, ya ƙara.

Daga ranar hanyar Bungudu ta zama hanyar lambu. Mukan isa hantsi bai yi zafi ba, mu jingine kekuna a shinge, mu riƙe masa waya yana ɗaurewa, ko mu ja masa tiyo in ya tayar da injin ban-ruwa. Ba ya sayarwa. Jikoki yake ba, da masu jego, da duk wanda aka ce bakinsa ba ya son abinci. Yakan ce shi dai yana so kafin ya mutu wani ya zo ya roƙe shi reshe, kamar yadda shi ma ya roƙa.

Hanyoyin ba rana ɗaya suka rufe ba. Ta Kucheri ce ta fara. Ɗan'uwan abokina ya kira daga Tsafe ya ce kada mu zo wannan satin, 'yan bindiga sun tare mutane a gona. Sati ya zama wata, har muka daina tambaya. A ɓangaren Bungudu kuma muka lura gaisuwa ta canza. Mutanen da suke ɗaga mana hannu daga kunyoyin gona sai su miƙe tsaye su bi mu da kallo har mu wuce, don baƙo a hanyar gona ya zama abin tsoro, ba a san wa yake kai wa labari ba. Wata safiya muka isa rugar nan muka tarar ba kowa. Turakun shanu suna nan, da murhu, da wata fasasshiyar ƙwarya. A lambu Baba ya gaya mana an kore musu shanun, kuma a gari ana zarginsu da haɗa baki da 'yan bindiga, sai suka kwashe yara suka tashi. Ba wanda ya san inda suka nufa.

Matar abokina ta fara kuka duk daren da za a wayi gari Asabar. Muka rage zuwa, daga baya muka tsaya cak, muna gaisawa da Baba ta waya in an samu sabis.

Da rani ya shigo sai wata mata ta zo shagon magani tana neman mai keke. 'Yar Baba ce, tana aure a cikin Gusau. Ta ce an shiga gonakin bayan garinsu da rana tsaka an tafi da mutane, har da maƙwabcin lambunsa. Baba ya tsira ne don ya kwanta a cikin rake. Ɗansa ya ɗauko shi da ƙarfi ya kawo shi wajenta, ga shi nan ba ya cin abinci, mu yake ta ambato.

Muka same shi a zaure a kan tabarma, ya rame, hannuwansa a kan gwiwa kamar an ba shi ajiyarsu. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

Ya ce, "Malam, icen nan bai jure ƙishi. Yanzu ya hidda hure. In ya kwana biyu babu ruwa, ya zubar."

Na ce, "Baba, ai ranka ya fi."

"Na sani. Ɗiyata ta hwaɗi, ɗana ya hwaɗi. Ni dai ku da kuka san hanya, ku leƙa. Injin na cikin bukka, na ruhe shi da buhu. Ko sau ɗaya ne."

Na dubi abokina, ya dubi ƙasa. Daga bisani ya ce za mu gwada.

Ranar Asabar muka fita ba tare da mun gaya wa matanmu inda muka nufa ba. Muka bi kwalta har inda ake sauka a shiga hanyar lambu. A nan muka tarar da mazan garin zaune a gindin wata bishiya, wasu da sanduna, an gitta icce a bakin hanyar. Ɗaya daga cikinsu ya gane mu, mun sha gaisawa da shi a gonar albasarsa. Ya taso ya kama kan kekena da hannu biyu.

"Ina zuwa, Malam?"

Na gaya masa. Ya girgiza kai.

"Ku koma. Jiya ma an ga baburansu a bakin gulbi. In kuka shiga aka ɗauke ku, ba mai bin sawunku, kuma mu za a tambaya."

Abokina ya ce, "To ko akwai wanda zai iya lallaɓawa da sassafe ya ba shi ruwa?"

Mutumin ya nuna da haɓa. "Ka ga can? Albasata ce, tana ƙonewa. Daga nan nake kallonta kullum. Abincin gidana ke nan na shekara."

Daga inda muke tsaye ana hango kan mangwaron da ke kusa da lambun. Tafiyar da ba ta kai a sha ruwa a huta ba ce a kan keke. Muka daɗe a tsaye, kowa da kekensa a hannu, sannan muka juya. A hanyar dawowa abokina ya sauka ya zauna a bakin kwalta, ya ce ƙafarsa ce take ciwo. Na zauna kusa da shi har ya gama share fuskarsa.

Da yamma na je na gaya wa Baba gaskiya. Ya saurara har ƙarshe, ya tambayi ko mangwaron yana nan da ganyensa. Na ce yana nan. Ya ce, "To, wataƙila sati mai zuwa a buɗe."

Mun koma bakin hanyar nan Asabar da dama. Kullum iccen yana gitte, mazan suna raguwa, don wasu sun kwashe iyali sun shigo gari. Na bi duk wanda na sani da nake zaton yana da ta cewa, tsofaffin ɗalibaina da ke aiki a ofisoshi, da wani maƙwabcina mai ɗamara. Kowa ya karɓe ni da mutunci, ya saurare ni. Amma ina buɗe baki in ce inabi sai in ji nauyin maganar, don a layin da nake akwai wanda 'ya'yansa ke hannun mutanen daji. Ɗaya daga cikin ɗaliban nawa ya raka ni har bakin ƙofa ya ce, "Malam, sai dai addu'a."

Can wajen ƙarshen rani wani mai neman itacen girki ya yi kasada ya shiga. Shi ya kawo labari cewa an ɗauke injin, shingen ya faɗi ta gefe ɗaya, ganyen duk ya bushe. Ya karyo reshe guda ya kawo wa 'yar Baba. Ina wurin aka miƙa masa. Ya kankare ɓawon da farce, ya duba, ya sake kankarewa ta ƙasa, ya sansana. Sai ya ajiye shi a gefen tabarma ya ce a kawo masa buta.

Abokina kuwa ciwon ƙafar nan ashe da gaske ne. Wani ɗan rauni ne a yatsa ya ƙi warkewa, suga ya hau, aka kwantar da shi, aka sallame shi da sharaɗin kada ya taka da ƙarfi. Yanzu a kan kujera yake yini a shago, ƙafar a kan kwali. Ni kaɗai nake fita, kuma ba na wuce gidajen ƙarshe na Damba. Ina isa inda gonaki suka fara sai in juyo.

Da damina ta sauka na kai wa Baba ziyara, na tarar ya ɗan murmure, har yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Muna zaune a zaure ruwa ya tsuge. Ya daɗe yana kallon yadda yake zuba daga indararo, sannan ya ce saiwar inabi tana da nisa, ya taɓa ganin wanda aka fid da rai da shi ya sake tofo da ruwan sama. Ya ce amma in ba a yi masa noma ba ciyawa za ta shaƙe shi, kuma gara ba ta jira. Ya tambaye ni ko na ji wani ya shiga kwanan nan. Na ce ban ji ba, amma zan tambaya.

Na tambaya a tasha, na tambaya wajen masu kawo albasa kasuwa. Har yau ban samu wanda ya je ya gani ba.