Mai Kula a Layin Ƙanƙara

Rana tsaka a Gwange, Malam Uwais mai sayar da ƙanƙara yana kallon wata mata a ƙarshen layi. Farar rigar aikinta ta jiƙe da gumi, ta rungume ƙaramar kula kamar jinjiri mai zazzaɓi. Malamar asibiti ce, ko ɗalibar jami'a? Ƙanƙara ɗaya ta rage masa.

"Baba, ka taimaka," in ji ta daga can baya, da Hausar mutanen Biu. "An ɗauke mana wuta tun safe. Sinadarin yis ne a ciki, mai liƙa wa furotin sukari. In ya ji zafi, aikina na shekara biyu ya mutu."

Bai gane komai ba. Duk da haka ya tsallake mutum shida ya miƙa mata ƙanƙarar. Ta ɗaga murfin, ta tsoma yatsa ta ji ko da sauran sanyi. Har yanzu ba ta ɗago kai ba.