Sabon Hatimi a Takardar Ginin Tafoki

A shekarun da kuɗin mai ya mayar da kowa ɗan kwangila, ni ne akawun wani Alhaji a Ƙanƙara. Ya samu aikin gina ajujuwa biyu a Tafoki ta ƙasar Faskari, ya saya mini tafireta sabuwa fil da hatimi mai nuna kwanan wata. Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙyamar takarda mai datti. Ko ɗigon goro na gani a jikinta sai in ji kamar a rigata yake.

Mai ginin wani dattijo ne daga Yankara, kowa Baba magini yake ce masa. Bai yi boko ba, malamin makaranta ke karanta masa takardar awo, mai faɗin tsawon bango da wurin ƙofa da taga. Amma ya san hatimi. Tun wani aiki a Mairuwa da aka canza awo, magina suka ci gaba da bin tsohuwar takarda, Alhaji ya kafa doka: in takarda ta zo da sabon hatimi, a sauke abin da aka ɗora, a fara daga harsashi. An yi wannan kafin in kama aiki, kuma babu wanda ya gaya mini.

Direban tifa yakan kawo mini takardar in duba yawan bulon da za a aika. Sai in gan ta duk siminti da jar ƙasa, in zauna in sake buga ta tsaf, in danna hatimin ranar, tsohuwar in jefa a durowa. Sau biyu na yi haka ina jin kaina gwani. Ta ukun na ba wani mai babur ya kai.

Washegari Alhaji ya shigo yana huci. Wata biyu, bango bai wuce taga ba, ga hadari ya fara haɗuwa.

"Wanga tsoho ya gaji," ya ce. "Ran Juma'a zan sallame shi, in ɗauko magina daga garin Sabuwa."

Da ya fita, direba ya matso ya rage murya. "Malam, laihin Baba mi ne? Sau biyu hwa yana rushe bango saboda sabuwar takarda. Ai ku kuke canza awo."

Na zaro biyu cikin tsofaffin takardun daga durowa, na haɗa su na ɗaga a hasken taga. Kowane harafi ya hau kan ɗan'uwansa. Hatimi kaɗai ya bambanta. Tsoro ya kama ni sosai. In na yi shiru a kori dattijo da sunan lalaci, kuma wa zai sake ba shi gini a ƙasar Faskari? In na faɗa, ni ne sakaran da ya rushe bango da tafireta. Kuma ta ukun ta riga ta isa tun jiya.

Na haye tifa. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar bulo ɗaya ya sauka.

Mun tarar da bangon gabas a ƙasa. Baba na saman wani bangon yana cire bulo ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kada ya fashe. Na gaishe shi, ya sauko yana kakkaɓe hannu.

"Malam, gara da ka zo. Mi aka canza wanga karo? Na auna, na sake aunawa, ban ga komi ba. Kwana nawa ina cewa ko idona ne ya tahi, ban gaya ma kowa ba."

Wannan magana ta fi mini zafi da ya zage ni. Na gaya masa gaskiya tas. Ya sunkuya ya ɗauki bulo ya ɗora mini a hannu.

"Riƙe, ka ji nauyin takardarka."

Da la'asar na faɗa wa Alhaji. Ya yi mini tatas a gaban mutane, amma bai sallami Baba ba. Daga ranar, in awo bai canza ba, tsohuwar takarda ke komawa da dattinta da tsohon hatiminta. An samu yin rufi tun ruwa na biyu bai sauka ba. Sai dai har aka gama, duk takardar da ta fito daga hannuna, Baba sai ya haɗa ta da tsohuwa ya ɗaga ga rana da kansa kafin ya taɓa bulo, ko ina tsaye a wurin.