Lawandi da Mai Shan Jinin Cikin Talabijin

A wannan wata shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai Lawal makwancinsa. Lawandi ake ce masa a unguwarmu cikin birnin Zazzau. Ɗan kawuna ne, taubashina kuma sa'ana, tare aka sa mu makaranta. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin ban san yadda zan faɗi labarin in fitar da kaina ba.

Lawandi da sikila aka haife shi. Siriri ne, idanunsa kullum rawaya-rawaya, kuma ba ya shekara ba a kwantar da shi an yi masa ƙarin jini ba. Da ya gama sakandare, aikin ƙarfi ya gagare shi, sai Kawu ya ba shi wani ɗan shago a bakin lungunmu. Ya sa benci biyu, da talabijin, da na'urar gem da wani ya kawo masa daga Legas. A lokacin sai ka fita Tudun Jukun ko Tukur-Tukur kafin ka ga irinta, saboda haka samari suka yi masa caa.

Wasan da aka fi so na dambe ne, kowa ya zaɓi gwaninsa a kara. A cikin gwanayen akwai wani dogo mai baƙar alkyabba da haƙora biyu a waje. In ya kama abokin karawarsa sai ya kafa masa haƙori a wuya, ƙarfin wancan ya ragu, nasa ya ƙaru. Shi Lawandi ke zaɓa kullum, kuma ban taɓa ganin wanda ya kayar da shi ba. Wata rana na tambaye shi me ya gani a jikin wannan mummuna. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan'uwana ne. Da ni da shi duk da jinin mutane muke rayuwa."

Maganar ta ba ni dariya, har na maimaita ta a majalisarmu bayan la'asar. Magana zarar bunu ce. Ban san wanda ya ɗauke ta daga nan ba, kuma har gobe in na zauna da sauran 'yan majalisar nakan bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kaina. Cikin mako biyu dai ta shiga gidaje, ta baro dariyar a waje. Aka fara cewa ɗan gidan Malam, wato Lawandi, ya faɗa da bakinsa cewa da jinin mutane yake rayuwa. Aka ce dubi idanunsa. Aka ce me ya sa duk wanda ya daɗe a shagon yake fitowa da ciwon kai?

Ana cikin haka Habu tela, wanda ba ya fashin zuwa shagon, ya kwanta da zazzaɓi mai zafi. Da ciwo ya yi nisa ya shiga sambatu, yana cewa Lawandi ya sake masa wuya. Mu da muke kallon wasan mun san inda maganar ta samo asali. Amma tsofaffin gidansu ba su taɓa ganin gem ba, maita suka sani. Da hantsi 'yan'uwan Habu suka yi sallama da Kawu, suka ce ɗansa ya kama kurwar ɗansu, sai ya zo ya tsallake shi. Kawu malami ne mai almajirai da littattafai, ya ce wannan ba addini ba ne. Mutane suka cika ƙofar gida. Lawandi da kansa ya fito ya ce a bar mahaifinsa, zai je. Ina tsaye a zauren gidan su Habu ya tsallake shi sau uku.

Abin da ya ƙarasa Lawandi shi ne, Habu ya warke. A wannan makon ne kuma aka kai shi asibiti aka ce taifod ce, aka yi ta yi masa allura, amma ba wanda ya tuna da allurar. Shago ya mutu. Mata suka riƙa jan 'ya'yansu in Lawandi ya shigo lungu.

Ga nawa laifin. Ba da daɗewa ba na yi wani ɗan zazzaɓi, sai na sami kaina ina kauce masa. Na san taifod, na san sikila, ni ne ma na taɓa ba shi jini, amma zuciya ta riƙa ce mini, in kuwa da gaske ne fa? Ranar da na daure na je gaishe shi, yana shan fura. Ya tura ta gefe, ya sa aka damo wata a sabuwar ƙwarya, ya miƙo mini ya ce, "Sha, wannan ban sa baki ba." Daga nan bai sake tsokanata irin ta taubasai ba har ciwonsa ya tashi a damina ta gaba, ya rasu.

Yau 'ya'yana na riƙe da irin waɗancan dodanni a wayoyinsu, ba mai ɗaga kai. Nakan ce da Lawandi ya ga wannan zamani da ya yi dariya. Amma ban tabbata zai saki jiki da mu ba. A wayar nan dai ake ɗora hoton mutum a ce ɗan shan jini ne, kafin azahar gari ya ɗauka. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, mun haddace wannan tun muna yara, bai hana mu komai ba.

Bara na haɗu da Habu a wajen ɗaurin aure, ya zama Alhaji, har da furfura. Na ja shi gefe na tambaye shi ko har yanzu yana ganin Lawandi ne ya kama shi. Ya daɗe yana gyara hula, sannan ya ce, "Ni dai na san na warke."

Lawandi bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, shagon ma an rushe shi an shigar da shi cikin gida. Abin da ya rage shi ne mutumin da ya yarda a wulaƙanta shi don kada a taɓa mahaifinsa, da kuma mu da muka tsaya muna kallo. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya yafe mana kafin mu iske shi.